Annoba Ce Ko Bugu? Kalmomin Fitowa a Kunnen Bahaushe

A littafin Fitowa, wanda ya ba da labarin Annabi Musa da Fir'auna da fitar Isra'ilawa daga Masar, babu inda aka ce annoba goma ta sauka. Ba a ambaci goma ba sam. Masu karatu ne daga baya suka ƙirga suka sami goma. Zabura ta 78 da ta 105 sun maimaita labarin, ba su kai goman ba, jerinsu ma ya saɓa wa na Fitowa, ya saɓa wa juna. Alƙur'ani kuwa, a Suratul Isra'i, tara ya ambata. To wannan na ƙidaya ne, bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne kalmar “annoba” kanta, da ƙawarta “hukunci”. Ina ganin waɗannan kalmomi biyu sun karkatar da labarin a kunnenmu, har mun kai ga juya shi a kan irin mutanen da labarin ya tsaya wa.

Kafin wani ya ce mi ya haɗa ɗan Malbaza da Ibrananci, bari in faɗi. Galmi tamu ce. Tun 1950 ƴan mishan na SIM suka buɗe asibiti a can, kuma tun daga lokacin ake karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa a wannan yanki, a majami'u da gidaje. Labarin Fir'auna kuwa babu wanda bai san shi ba, ko ta makarantar allo ko ta majami'a. Na san mafi yawanmu a ƙungiyar nan Musulmi ne, kuma Musulmi bai ɗauki littafin nan a matsayin Attaurar da aka saukar ba tare da canji ba. Kiristocin cikinmu kuwa maganar Allah ce a wurinsu. Wannan gardama ta malamai ce, na bar musu. Ni aikin fassara nake dubawa, yadda muke duba waƙa ko ƙagaggen labari: wace kalma aka ɗauko, wace aka sa a madadinta, mi ya zube a hanya.

Ba da raini nake duba aikin ba. Fitowa ta fara fita da Hausa a 1859, daga hannun wani Bajamushe ɗan mishan, James Frederick Schön, wanda a shekarun nan Hausar wani yaro ce madogararsa. Sunan yaron Dorugu, ɗan wani ƙauye ne kusa da Kance a ƙasar Damagaram. An kama shi bawa yana ƙarami, aka ƴanta shi a Borno, ya bi Heinrich Barth har Ingila a 1855. Wato labarin bayin da suka fita daga bauta ya shigo Hausa ne da taimakon bakin ƴantaccen bawa ɗan ƙasarmu. Cikakken littafin ya fito a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya ja gaba, sannan aka yi sabuwar fassara wajen 1979. Mutanen nan sun yi gumi. Amma kalma ba ta tsayawa inda mai fassara ya ajiye ta.

Mu fara da abin da Ibrananci ya kira abubuwan nan. Aikatau ɗin da ya fi yawo a labarin shi ne “naka”, ma'anarsa bugu ko duka. An bugi kogi da sanda, an bugi ƙurar ƙasa, ƙanƙara ta bugi shuka, an bugi ƴaƴan fari. Daga wannan saiwa aka sami “makka”, bugu guda, kuma da jam'inta, “makkot”, Yahudawa ke kiran abubuwan goma har yau. A Fitowa 11:1 kalmar “nega” ce, daga aikatau mai ma'anar taɓawa. A 9:14 kuma “maggefa”, daga wata saiwar mai ma'anar mangara ko kaɗawa ƙasa, wadda a 1 Sama'ila 4:17 aka yi amfani da ita ga kashin da rundunar yaƙi ta sha. Kalma ɗaya ce tak take nufin cuta mai kisa da yawa, abin da mu za mu kira annoba tsantsa, ita ce “deber”, kuma a jerin goman abu ɗaya ne ya ɗauki wannan suna: mutuwar dabbobi. Jini, kwaɗi, ƙanƙara, fara, duhu, duk ba deber ba ne.

Waɗanda suka yi lakol sun riga sun riƙe bakin zaren ba su sani ba. A Faransanci ana ce musu “plaies”, kuma plaie rauni ne, miki, inda aka sare ka. Ta fito daga kalmar Latinanci mai nufin bugu. Ingilishi ma daga can ya ɗauko tasa, amma a bakin masu Ingilishi kalmar ta daɗe da komawa sunan cuta mai yaɗuwa, kuma ina zargin ta wannan ƙofa “annoba” ta zauna mana daram a labarin.

Wani zai ce to mi ne ne bambancin, bugu ko annoba, ai duk wahala ce. Bambancin babba ne. Bugu yana da hannun da ya yi shi, yana da wanda aka nufa, yana da dalili. In ka ji an ce an bugi wani, tambayarka ta farko ita ce wa ya buge shi, mi ya yi. Annoba ba ta da adireshi. Sanƙarau in ya shigo da bazara ba ya tambayar gidan wa. Amai da zawo, da suka yi ɓarna a Madarunfa a 2018 suka dawo jihohin Maraɗi da Tawa a 2021, ruwan sha suke bi, ba laifi ba. Da muka kira abin da ya sami Fir'auna annoba, sai muka gina gada tsakanin abubuwa biyu da ba ɗaya ba. Mutum ya bi gadar ta wannan gefe ya ce abin da ya sami Fir'auna annoba ce, sannan ya dawo ta ɗaya gefen ya ce duk wanda annoba ta sama, abin Fir'auna ne ya same shi. A watannin korona na 2020, lokacin da aka rufe masallatai da majami'u, babu irin wannan lissafi da ba mu ji ba, daga kowane ɓangare. Kowa ya san laifin wa ya jawo ta, kuma ba a taɓa cewa laifin mai maganar ba ne.

Abin mamaki, Hausa tana da kalmar da ta fi kusa. “Masifa” daga Larabci “musiba” take, kuma asalin musiba shi ne abin da ya same ka, kamar kibiya ta sami abin da aka harba. Ga bugun, ga saitin. Sai dai na fahimci mai fassarar da zai ja baya, domin a bakinmu masifa ta koma har da faɗan maƙwabciya a bakin famfo. Ka ce “masifu goma” a gaban yara, wani zai yi dariya.

Ita “nega” ta yi wata ɓarnar a wani wuri. A Littafin Firistoci sura 13 da 14 ta cika ko'ina, haɗe da “tsara'at”, wadda aka saba fassarawa da kuturta. Amma tsara'at ɗin nan tana kama tufafi, tana kama bangon ɗaki, kuma alamunta a jiki ba su dace da kuturtar da likitoci suka sani ba, wadda ake magani a Danja kusa da Maraɗi tun shekarun 1950. Tabo ne, taɓawa ce, wani abu da ya bayyana a fata ko a ƙyalle. Sa sunan kutare a kai ya ƙara wa mutanen da dama ake ƙyama wani nauyin da nassin bai ɗora musu ba. Ba Hausa kaɗai ta yi wannan ba, harsuna da yawa sun yi.

Sai kalmar da labarin da kansa ya fi so. A Fitowa 7:3, kafin komi ya fara, an kira abubuwan da za su zo da sunaye biyu, “ot” da “mofet”, alama da abin al'ajabi. “Ot” ƴar'uwar “aya” ce ta Larabci, saiwarsu ɗaya. Nan littattafan biyu suka yi kusa da juna, domin Suratul A'arafi, da ta lissafa ruwan ɗufana da fara da ƙwari da kwaɗi da jini, ayoyi ta kira su. Aya kuwa abin karantawa ce, saƙo ne, ana aika ta ga mai kunne don ya juyo. Shi ya sa a labarin ƙanƙara, Fitowa 9:19-21, aka yi gargaɗi tun kafin ta sauka, kuma fadawan Fir'auna da suka ji gargaɗin suka shigar da bayinsu da bisashensu ɗaki, ba abin da ya taɓa su. Ku nuna mini annobar da ke ba da sanarwa ta bar ƙofa a buɗe.

Ba zan ɓoye wurin da maganata ke tangaɗi ba. Bugun ƙarshe bai tsaya a fada ba. Fitowa 11:5 ta ce ya kai har ga ɗan farin kuyangar da ke niƙa, matar da ba ta taɓa ba kowa umarni ba. Wannan aya tana da wuyar haɗiya, kuma ban yarda da duk mai karatun da ya wuce ta ba tare da ya tsaya ba. Akwai kuma wurare kamar 2 Sama'ila 24 da Littafin Ƙidaya 25, inda cuta ta faɗa wa Isra'ilawa kansu aka ce saboda laifi ne. Saboda haka ba cewa nake littafin bai san wahala a matsayin horo ba. Ya sani. Amma shi ne kuma littafin da ya ajiye Ayuba a tsakiyarsa, mutumin da abokansa suka dage cewa ciwonsa shaidar zunubinsa ne, aka ƙare da cewa su ne suka yi maganar da ba daidai ba. Abin da nake cewa shi ne, labarin Masar musamman yana da wanda ake ƙara, kuma sunansa a bayyane yake: sarkin da ya sa mutane buga tubali, ya hana su kara, ya ce adadin tubalin kada ya ragu.

Mu zo kan fara, don ita muka fi sani. Ibrananci yana da sunaye da yawa a kanta. Annabi Yowel a farkon littafinsa ya jera huɗu a aya guda, “gazam”, “arbe”, “yelek” da “hasil”, kuma har yau masana na gardama ko iri-iri ne ko kuwa matakan girman abu ɗaya. Manomin Adar ba zai yi mamaki ba, shi ma ya raba babe da farar ɗango. Littafin Firistoci 11:22 ma ya halatta cin wasu, abin da zai faranta ran duk mai son soyayyar fara da yaji. A ƙarshen daminar 2004 farar hamada ta sauka a ƙasar nan, ruwa kuma ya ɗauke da wuri. A 2005 yunwa ta kama jihohin Tawa da Maraɗi da Damagaram. Ku tambayi iyayenmu abin da ake faɗi a lokacin, za su ce muku, “Mi munka yi ma Allah? Wanga hukunci nai na.” Maganar tawali'u ce, ba na raina ta. Amma a shekarar nan kasuwanni ba su bushe ba. Hatsi na nan, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin talaka. A farkon shekarar aka ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan kayan masarufi irin su madara da fulawa da sukari, har mutane suka fito zanga-zanga a watan Maris. An daɗe ana sayar da hatsin agaji a farashi mai rahusa kafin a yarda a raba kyauta. A watan Agusta shugaba Mamadu Tanja ya gaya wa BBC cewa babu yunwa a ƙasar. Fara ta ci gona, gaskiya ne. Amma ba fara ce ta sa kuɗin tiya ba.

Annabi Amos ya san wannan rabon. A sura ta 4 ya ambaci fara da deber a matsayin gargaɗi, amma a sura ta 8 ya nuna waɗanda yake tuhuma da yatsa: ƴan kasuwar hatsi masu rage mudu, masu ƙara farashi, masu sayar da dusa a matsayin tsaba, masu sayen matalauci a kan kuɗin takalmi. Suratul Muɗaffifina ma da masu tauye mudu ta buɗe. In akwai hukunci a shekarar yunwa, annabawan nan ba a kan uwar da ta kai ɗanta likita ya rame suke ganinsa ba.

Wannan ya kawo mu ga “hukunci”, inda a ganina asarar ta fi yawa. Saiwar Ibrananci ita ce “shafat”. Daga gare ta aka sami “shofet”, mai yin aikin, da “mishpat”, aikin kansa, kalmar da ta zo fiye da sau 400 a littafin, da kuma “shefatim”, wadda Fitowa 6:6 da 7:4 suka kira abin da zai sami Masar da ita. A Hausar yau, in ka ji an ce an yanke wa wane hukunci, ba ka tambayar ko shi ya ci shari'ar. Ka san kaso ne ko tara. “Zan hukunta ka” barazana ce. To ku je Zabura ta 7, ta 26, ta 35, ta 43. A kowace, mai addu'a yana roƙon Allah ya yi masa shafat. Roƙo yake, da kuka. A Zabura ta 96 da ta 98 teku da gonaki da itatuwa suna murna domin Allah na zuwa ya yi wa duniya shafat. Ishaya 1:17 ya umarci mutane su yi wa maraya shafat. Sa “hukunta” a waɗannan wurare ka ji yadda za ta fito: ku hukunta maraya. Ma'anar kalmar ita ce a zauna tsakanin mai ƙarfi da marar ƙarfi a mayar wa kowa abinsa. Ga wanda ya danne haƙƙi wannan azaba ce, ga wanda aka danne kuwa rana ce ta salla. Aiki ɗaya ne, fuska biyu, kuma Hausarmu ta riƙe fuska ɗaya ta saki ɗayar.

Dubi littafin da aka sa wa suna Mahukunta. A bakin ƴan rediyo yau “mahukunta” su ne masu mulki, waɗanda ake kira gare su su ɗauki mataki. Amma “shofetim” na littafin nan, ban da Debora da aka nuna tana zaune ana kawo mata ƙara, ba a zauren shari'a muke ganinsu ba. Mutane ne da ke tashi in an danne jama'a, su ƙwato ta. Biyu na farko, Otniyel da Ehud, nassin da kansa ya kira su “moshiya”, mai ceto. Wato a Ibrananci alƙali da mai ceto suna iya zama mutum ɗaya, ba tare da kowa ya ga baƙon abu ba. Kalmar ta yi tafiya ma har Afirka: shugabannin tsohon birnin Kartaj, a Tunisiya ta yau, da irin wannan suna ake kiransu, don harshensu ɗan'uwan Ibrananci ne.

Akwai wani abu da “hukunci” ta manta game da kanta. Saiwarta a Larabci ita ce ta haifi “hikima”, kuma a Ibrananci wannan saiwar, “hokma”, hikimar kawai take nufi. A 1 Sarakuna 3, bayan Sulemanu ya raba gardamar mata biyu a kan jariri, an ce mutane sun ga hokma a cikinsa ta yin mishpat. Ba wanda aka ɗaure a shari'ar nan. An mayar wa uwa ɗanta, shi ke nan.

Ba sai mun je Urushalima neman misali ba, yana nan Ƙonni. Hadizatu Mani tana da shekara 12 aka sayar da ita a 1996, a kan jika 240, ga wani dattijo mai mata huɗu, a matsayin wahaya. Ta yi kusan shekara tara a hannunsa. Ƙasar nan ta sa bauta cikin manyan laifuka a 2003, kuma a watan Agusta na 2005 ya ba ta takardar ƴanci, amma ya ce ba za ta tafi ba, wai matarsa ce. Kotun farko a Ƙonni ta ce babu aure, don babu sadaki, babu ɗaurin aure, babu yardarta. Kotu ta gaba, a Ƙonnin dai, ta soke wannan. Da ta auri wanda take so, aka yanke mata wata shida a 2007 kan laifin aure kan aure, aka rufe ta tare da ɗan'uwanta. Wannan shi ne hukunci yadda kunnenmu ya san shi. Sai ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO ta ce an bautar da ita, ƙasar Nijar ta kasa kare ta, a biya ta miliyan 10 na sefa. Shi ma hukunci muka kira shi, don ba mu da wata kalmar. Ibrananci zai kira na biyun mishpat, na farkon kuwa annabawa suna da suna a kansa, karkatar da mishpat. Nijar ta fice daga CEDEAO a farkon 2025, kuma tambayar inda wata Hadizatu za ta kai kuka in na gida sun juya mata baya, tambaya ce da ta rage a kanmu.

A nan ne kuma zan cire wa masu fassara hula. Fitowa 6:6, ayar da ta ambaci shefatim, ita ce kuma ta ɗauki manyan kalmomin kuɓutarwa, a numfashi ɗaya. Ɗaya “hitsil”, fizgewa da ƙarfi, irin wadda Amos 3:12 ya kwatanta da makiyayi yana ƙwato ƙafafu biyu ko guntun kunne daga bakin zaki. Ɗayar “ga'al”. Mai yin ta, “go'el”, ba baƙo mai tausayi ba ne. Dangi ne na kusa wanda wajibi ya hau kansa. In talauci ya sa ka sayar da gonarka, shi zai saye ta ta dawo gida. In ka sayar da kanka bauta, shi zai biya ka fita, haka Littafin Firistoci 25 ya tsara. Shi ne Bo'aza a labarin Rut. In kuma an kashe ka, shi ne mai bin jininka, Littafin Ƙidaya 35 da wannan sunan ya kira shi. Faransanci sai ya raba abin biyu, mai sayowa daban, mai ramuwa daban. Hausa kuwa da kalma ɗaya ta kama duka: “fansa”. Kuɗin fansa, ɗaukar fansa. Kakanninmu sun san fansar bawa a aikace, mu kuma, abin baƙin ciki, mun san kuɗin fansa a bakin iyaka. Ban san wani harshe daga cikin waɗanda muke karatu da su da ya dace da go'el kamar haka ba. Abin da ya rage wa “mai fansa” shi ne ƙamshin zumunta, cewa aikin na ɗan'uwa ne. Ƙungiyar da ta tsaya wa Hadizatu, Timidria, wadda aka kafa a 1991, sunanta da Buzanci ƴan'uwantaka yake nufi.

“Ceto” ba ta yi kuskure ba, ta dai yi nisa. A kunnen Musulmi ceto na ranar alƙiyama ne, a kunnen Kirista ceton rai ne daga zunubi. Dukansu suna kallon gaba. Saiwar Ibrananci, “yasha”, wadda ke cikin sunayen Joshuwa da Ishaya da Yusha'u da Yesu, a ƙasa ta fara. Karo na farko da ta bayyana a Fitowa, a 2:17, a bakin rijiya ne a Madayana: makiyaya sun kori ƴan mata daga ruwa, Musa ya tashi ya tsaya musu ya shayar da garkensu, labarin da Suratul Ƙasasi ma ta kawo. A 2 Sarakuna 6:26 mace ce ke ƙwala wa sarki kira da wannan kalma a lokacin yunwa. Mu a nan “a kawo ɗauki” za mu ce, ko “agaji”. Duk wanda ya taɓa ganin rigimar layi a rijiya da rani ya san irin ceton da ake nufi.

Na bar “Ƙetarewa” ƙarshe don ita ce ta fi nuna inda kunnen mai fassara yake. Sunan idin a Ibrananci “pesah” ne, aikatau ɗin “pasah”. Faransanci bai fassara shi ba, ya ɗauko sautin ya ce “Pâque”. William Tyndale ne a 1530 ya ƙirƙira wa Ingilishi suna mai nufin wucewa ta bisa, kuma Idin Ƙetarewa namu sawunsa ya bi. Fassarar tana da madogara, tsohuwa ce. Amma ku karanta Fitowa 12:23 a hankali. An ce Ubangiji zai yi pasah a kan ƙofa, ba zai bar mai hallakarwa ya shiga ba. Wanda ya ƙetare ya wuce, yaya zai hana wani shiga? A Ishaya 31:5 kalmar ta sake zuwa, a tsakiyar hoton tsuntsaye suna shawagi bisa sheƙa, haɗe da kalmomin kariya da fizgewa. Yahudawan Iskandariya da suka mayar da Attaura Girkanci, ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, a 12:13 da 12:27 kalmar rufewa da kariya suka sa. Su a Masar ɗin ma suke zaune.

Hoton da ke nan, in an bi wannan karatu, kowane yaron ƙauye ya san shi: shirwa na zagaye a sama, kaza ta baje fukafukai ta zauna a kan ƴan tsakinta. Da ni ne a teburin masu sabunta fassarar, ba zan taɓa sunan idin ba, bakin mutane ya riga ya saba. Amma a 12:23 zan cire ƙetarewa in sa “tsare ƙofa”, in bar ɗayar a ƙasan shafi da ƙananan baƙaƙe.